Wani Ɗan Nijeriya A Bakin Titin New York

A shekarar 2014 ne aka fara nuna wani fim mai suna Shelter, wato mafaka, a bikin finafinai na Toronto ta ƙasar Kanada. Wanda ya shirya shi Baturen Ingila ne, Paul Bettany, kuma shi ne fim na farko da ya shirya. Dalilinsa kuwa, akwai wani mutum da wata mace da ke kwana a ƙofar gidan da yake zaune a New York. Kullum yana wuce su. Da guguwar Sandy ta afka wa birnin a 2012, sai ya neme su ya rasa.

Labarin na mutum biyu ne. Hannah, wadda Jennifer Connelly matar Bettany ta fito a matsayinta, ta faɗa tsira wa kanta allurar hiroyin bayan rasuwar mijinta, har ta bar ɗanta ta shiga titi. Tahir kuwa Musulmi ne ɗan Nijeriya, takardunsa na zama sun ƙare, yana kiɗa da bokitai don ya sami na abinci. Can gaba ya faɗa mata cewa an kashe masa mata da ɗa, kuma ya taɓa shiga Boko Haram.

To, nan ne mai kallo daga gida zai ɗan yi tsaki. An ɗauko bala'in da ya ci dubban rayuka a Barno da Yobe an rataya wa mutum a wuya cikin 'yan kalmomi, ba a ko tsaya an nuna yadda abin yake ba. Anthony Mackie ma da ya fito a Tahir Ba'amurke ne, haifaffen New Orleans.

Amma in aka zo kan hunturu, fim ɗin bai yi ƙarya ba. Dusar ƙanƙara ta sauko, Tahir ya kwanta ciwo, ga magani na neman kuɗi. Wani mai gadi ya ba su wurin kwana mai ɗumi, amma sai da ya nemi Hannah ta biya da mutuncinta. Wurin nan yana da wuyar kallo ƙwarai, kada a shiga da yara. Tahir dai bai kai ƙarshen sanyin nan da rai ba.