Alƙalamin da ya kuskure kurtun tawada

Mai karatu, wayar salula da ke aljihunka da farantan hasken rana da ake sayarwa kasuwar Maraɗi suna da alaƙa da wani masanin ƙarafa ɗan ƙasar Polan, Jan Czochralski, wanda aka haifa a 1885.

A shekarar 1916, yana aiki a kamfanin AEG na Berlin, yana binciken yadda narkakken ƙarfe ke daskarewa. An ce wani dare ya tsoma alƙalaminsa cikin narkakkiyar kuza maimakon kurtun tawada. Da ya janyo shi, sai siririn zaren ƙarfe ya biyo baya. Ya gano cewa ƙwayoyin zaren sun jeru bisa tsari guda tun daga farko har ƙarshe, muddin aka ja shi sannu a hankali. Da wannan dabara ake sarrafa mafi yawan silikon da ke cikin na'urorin zamani.

Amma ƙasarsa ba ta saka masa da alheri ba. Ya koma gida a 1928, ya zama shehun malami a Warso. A 1945 aka zarge shi da haɗa kai da Jamusawa. Ba a kama shi da laifi ba, amma jami'arsa ta juya masa baya. Ya ƙare rayuwarsa yana haɗa man shafawa a garinsu, Kcynia, ya rasu a 1953.

Sai a 2011 jami'ar ta wanke sunansa, bayan takardu sun nuna ya taimaki mayaƙan ƙwatar ƴancin Polan.