Labarin Likita Foege da Yadda Aka Kewaye Agana

 Wanda duk ya duba damtsen dattawanmu na hagu, sau da yawa zai tarar da wani ɗan tabo kewayayye, shi ne tabon lamba. Waɗansu kuwa a fuska za ka ga zanzana, shaidar sun kwanta agana sun tashi. Samarin yanzu ba su taɓa ganin mai agana ba, har waɗansu ba su san sunanta ba. Yau muna so mu ba da labarin wani likita wanda bincikensa da rubuce-rubucensa suka taimaka ƙwarai wajen kawar da ita, mu kuma nuna abin da ya shafe mu a ciki.

Ku sani agana ba ƙaramar annoba ba ce. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon baya, kana ƙuraje su feso a fuska da hannuwa da ƙafafu. Mai tsananinta takan kashe wajen mutum 3 cikin 10 na waɗanda ta kama, waɗanda suka tsira kuwa ta bar su da zanzana, waɗansu ta makantar da su. A shekarar 1967, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar yaƙi da ita, an ƙiyasta takan kama mutum miliyan 10 zuwa 15 a shekara, ta kashe wajen miliyan 2. Shawarar da aka tsayar a lokacin ita ce a bi ƙasa ƙasa a yi wa jama'a lamba, har a sami aƙalla mutum 80 cikin 100, da fatan cutar za ta rasa wanda za ta kama ta mutu don kanta.

Likitan da muke zance sunansa William Foege, ana faɗinsa Fegi. Ba'amurke ne, an haife shi a 1936. Ya koyi aikin bin sawun cuta a Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ke birnin Atlanta, a hannun wani babban malami, Alexander Langmuir. Shi wannan malami ya rubuta wata maƙala a 1963, inda ya bayyana cewa sa ido kan annoba aiki uku ne: a tattara labarin masu ciwo kullum ba fashi, a zauna a auna shi, sa'an nan a mayar da sakamakon ga waɗanda za su yi aiki da shi. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun sun zama wahalar banza. Da wannan karatu Foege ya zo Nijeriya a 1965, ya zauna aikin asibitin mishan a lardin Ogoja, cikin Jihar Gabas ta wancan zamani.

A watan Disamba na 1966 sai labari ya iske shi cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye. Ya je ya gani da idonsa, ita ce. Ga shi kuwa maganin lamba da ke hannunsa kaɗan ne, babban kayan aikin da ake jira bai iso ba tukuna. In ya ce zai bi kowa da kowa, maganin zai ƙare tun bai gama gari ɗaya ko biyu ba. To, da ma yana saurayi ya yi aikin kashe gobarar daji a ƙasarsu, ya san ba a bin daji duka da ruwa, gaban wuta akan sha a share mata abin da za ta ci. Sai ya tambayi kansa: ina cutar take yau, ina kuma za ta nufa gobe?

Da dare ya yi, ya yi magana da 'yan mishan na wannan yanki ta wayar iska, ya buɗe taswira ya yanka wa kowa nasa kashi, ya roƙe su su aika 'yan aike kowane ƙauye su tambayo ko akwai mai agana. Kafin kwana ɗaya ya kewayo amsa ta dawo. Sai aka tafi ƙauyukan da cutar take, aka yi wa mutanen gidan mai ciwo lamba, da maƙwabta, da sauran 'yan ƙauyen. Ragowar maganin kuwa aka kai wuraren da mutanen nan suka saba zuwa, watau kasuwannin da suke ci da garuruwan danginsu. Cikin 'yan makonni annobar ta mutu. Aka ci gaba da wannan dabara a sauran Jihar Gabas, kafin yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967 agana ta yanke a can, alhali waɗanda aka yi wa lamba ba su kai rabin jama'a ba.

A nan ne ya kamata malamai su lura. Da Foege ya tsaya ga ba da labari da baki, da an ce sa'a ce ya taka, zancen ya bi iska. Amma shi da abokan aikinsa sun riƙe alƙalami. Kowace annoba suka tarar sai su rubuta ranar da kowane mai ciwo ya kwanta, da wanda ya shafa masa, da wanda shi kuma ya shafa wa, kamar yadda akan jera salsalar malamai, wane ya ɗauka daga wane. Wani rahoto da ya fito a 1968, wanda ya rubuta tare da Likita David Thompson, ya bi annobar garin Abakaliki ta 1967 mutum mutum. Su 32 ne suka kamu, kusan dukansu 'yan wata ƙungiyar addini da ba ta yarda da lamba ba. Rahoton ya nuna cutar ta yi watanni tana rarrafe daga gida zuwa gida tsakanin masu cuɗanya da juna, ba ta watsu cikin gari ba. Ashe agana ba ta da saurin da ake tsammani.

Daga irin wannan lissafi aka gane dalilan da suka sa kewayewa ke cin nasara. Agana ba ta da maɓoya cikin dabba, daga mutum sai mutum. Wanda ya ɗauka yakan yi wajen kwana 12 kafin ciwo ya bayyana, a cikin kwanakin nan kuwa ba ya shafa wa kowa. In ta bayyana ba ta ɓoyuwa, ko yaro ya ga fuskar ya san ita ce. Lamba kuma takan kare mutum ko bayan ya zauna da mai ciwo, muddin an yi ta cikin kwana 3 ko 4. An kuma lura takan yi yawa da rani, ta ja baya da damina, saboda haka a ƙarshen daminar 1968 aka fita nemanta gadan-gadan a ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin da take da rauni. A watan Mayu na 1970 aka ga na ƙarshe a wannan sashi, a nan Nijeriya. A 1971 Foege da Millar da Lane suka buga maƙalar da ta tattara hujjojin wannan hanya a wata mujallar masana annoba ta Amurka, a 1975 kuma aka buga cikakken bayanin aikin ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Likitoci a Indiya da Pakistan su ma sun lura da jinkirin agana, shugaban aikin na duniya kuma, Likita Henderson, tun farko yana ƙarfafa batun sa ido. Amma aikin Ogoja ya nuna abin a fili, rubutun kuma ya ba kowa damar ya gwada a ƙasarsa.

Babban gwajin a Indiya aka yi shi, inda Foege ya koma a 1973. Da aka fara fita bincike ƙauye ƙauye a watan Oktoba na wannan shekara, abin da aka tarar a jihohin Bihar da Uttar Pradesh ya ninka abin da ke rubuce a ofis fiye da sau 10. Waɗansu ma'aikata sun kasance suna ɓoye adadi don tsoron faɗan manya, iyaye kuma suna ɓoye 'ya'yansu. Sai aka juya al'amarin: aka sa tukwici ga wanda duk ya kawo labarin mai agana, masu bincike suka riƙa shiga kasuwanni da makarantu da hoton yaro mai ƙuraje suna tambaya, aka sa masu gadi a ƙofar gidan mai ciwo. A 1974 Indiya ta lissafta masu agana wajen 188,000, a watan Mayu na 1975 ta ga na ƙarshe. Mutum na ƙarshe a duniya da ya ɗauke ta daga cuɗanyar yau da kullum shi ne Ali Maow Maalin, kukun asibiti a garin Marka ta Somaliya, a watan Oktoba na 1977, ya kuwa warke. Ranar 8 ga Mayu, 1980, aka shelanta cewa agana ta ƙare. Foege ya shugabanci hukumar Atlanta daga 1977 zuwa 1983, a 2011 kuma ya fitar da littafin tarihin wannan yaƙi mai suna House on Fire, watau gida ya kama wuta.

Kada a ɗauka kowace cuta haka ake kewaye ta. Ƙyanda ta fi agana sauri nesa, mai ita yakan shafa wa wasu tun ƙuraje ba su fito ba. Shan inna kuwa cikin yara 200 da suka ɗauka wajen ɗaya ne kaɗai yakan shanye, sauran su yi ta yawo da ita ba a sani ba. Irin waɗannan sai an yi wa yara duka rigakafi. Amma tushen aikin bai sake ba. Da Ebola ta shigo Ikko a watan Yuli na 2014, Likita Stella Adadevoh ta hana mai ciwon fita asibiti, ita ma ta rasa ranta a ciki, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka cuɗanya da masu ciwo, cutar ta tsaya ga mutum 20, 8 suka rasu. A 2015 kuma, da aka gwada sabuwar allurar Ebola a ƙasar Gini, da dabarar nan ta kewayewa aka gwada ta.

To jama'a, ku duba ku gani, a Ogoja ba yawan magani ya yi aiki ba, labari ne na gaskiya wanda ya iso da wuri. Labari kuwa a ƙasarmu wa ya fi ku riƙe shi? Malami ne ake fara kira in ciwo ya yi tsanani, shi ke sallar gawa, shi ya san an yi jana'iza uku a unguwa ɗaya cikin mako guda. Falke ya ci kasuwa huɗu kafin Jumma'a ta kewayo, ya ji garin da amai da gudawa suka sauka, da inda sanƙarau ke sandare wuyan yara. Ɗan kasuwa yakan ji tsoron kada a rufe kasuwa, mai gida yakan ji kunyar a ce daga gidansa abin ya fito. Amma ɓoyon kwana uku shi ke jawo rufin wata uku, ran wanda ya tafi kuma ba ya komowa. Wanda ya ga ciwon da bai saba gani ba, ko mace-mace a jere, ya gaggauta sanar da mai unguwa da malamin asibiti mafi kusa, ya faɗi gidan da ranar da abin ya fara. Da irin wannan ɗan labari aka kori agana daga duniya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wassalam.