Labarin Tsofaffin Gidajen 'Yan Kwana-kwana da Abin da Aka Mai da Su

Kowane mai hankali ya san hunturu lokacin gobara ne. Idan iska ta taso daga gabas, zana ta bushe, an tara karan dawa a bayan gida, rumbuna sun cika, to, garwashi ɗaya ya isa ya mai da attajiri matalauci kafin a idar da sallar asuba. Mutanen Dakko da Bakura da Maradun, da fataken da ke cin kasuwar Talata Mafara, ba su bukatar a ba su labarin wannan. Saboda haka yana da kyau a san asalin gidajen da aka gina domin yaƙi da wuta, da abin da ya same su bayan sun tsufa.

A cikin shekara ta 1720, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu na Uku, aka kafa rundunar masu kashe gobara a birnin Istambul, inda yawancin gidaje na katako ne. Wani Bafaranshe da ya musulunta, ana ce da shi Dawuda, shi ya kawo musu famfon da maza ke saɓawa a kafaɗa su ruga da shi wurin wuta. A 1828 Sarki Mahmudu na Biyu ya gina hasumiyar Bayazid da dutse, tsawonta mita 85. Masu tsaro suna zaune a kanta dare da rana. In sun hangi hayaƙi da rana sai su rataya kwanduna, in da dare ne su kunna fitilu, jama'a su gane. Hasumiyar tana nan har yau a harabar Jami'ar Istambul, an sa mata fitilu masu launi da ke sanar da mutanen gari ko gobe za a yi ruwa, ko hazo, ko sarari.

A biranen Turai kuwa ana gane tsohon gidan kwana-kwana da alamu uku: ƙofa mai faɗi inda dawakai ke fita da keken famfo, da bene inda ma'aikata ke kwana a shirye, da doguwar hasumiya inda ake rataya mesa ta bushe don kada ta ruɓe. Da motoci suka maye gurbin dawakai, suka yi ta ƙara girma, sai ƙofofin suka yi musu kaɗan. Birane suka bunƙasa, filin tsakiyar gari ya yi tsada, hukumomi suka shiga rufe waɗansu gidajen suna sayarwa. A London kaɗai an rufe guda 10 a watan Janairu na 1914 da shekara ɗari, watau 2014.

Daga cikinsu akwai waɗanda suka dace. A birnin Antuwap na ƙasar Beljiyam, Zaha Hadid, mai zanen gine-gine haifaffiyar Bagadaza, ta ɗora sabon gini na gilashi a bisa tsohon gidan kwana-kwana ba tare da an rushe shi ba. An buɗe shi a 2016 ya zama ofishin hukumar tashar jiragen ruwa. Akwai kuma wanda labarinsa ya zama wa'azi. Wani gida da aka gina a titin Chiltern na London a 1889 an rufe shi a 2005, daga baya aka mai da shi masaukin manyan baƙi da wurin cin abinci. Ran 14 ga Fabrairu 2025 wuta ta tashi a cikinsa daga wajen tanda, sai da ma'aikata fiye da ɗari suka taru daga waɗansu unguwanni kafin a shawo kanta. Gidan da ya yi shekara fiye da ɗari yana kai wa maƙwabta gudummawa, ga shi ya wayi gari yana jiran a kawo masa.

A Nijeriya an fara aikin kashe gobara a Ikko a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, kana a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar tarayya. Duk da haka kasuwannin Arewa sun sha wuya. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, dubban rumfuna suka zama toka. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairu na 2021, ta Katsina ta biyo baya a watan Maris na shekarar. Abin da kan jawo irin wannan hasara sananne ne: wayar lantarki da aka ja barkatai, da man fetur da aka ɓoye a rumfa, da hanyoyin da aka toshe da tebura har mota ta kasa shiga, da rashin wurin ɗiban ruwa kusa.

Darasin da ke ciki shi ne, amfanin gidan kwana-kwana yana ga kusancinsa da jama'a. Idan ginin ya tsufa, babu laifi a mai da shi makaranta ko ɗakin ajiye littattafai, muddin an tanadi wani a kusa kafin a rufe shi. Garin da ke jiran mota ta taso daga Gusau, sau da yawa toka za ta tarar. Ƙasar nan kuwa ba ta rasa ruwa ba, ga madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato.

Ya kamata sarakunan kasuwa su bar hanya mai faɗi tsakanin layuka, su ajiye randunan ruwa da bokitan yashi, su sa mai gadi ya zaga bayan an tashi. Malamai kuma su lura da wutar da almajirai ke karatu a gefenta da dare, a kashe ta sarai kafin a kwanta, a adana littattafan da aka gada a akwatin ƙarfe nesa da jinka. Attajiri in kayansa sun ƙone ya iya sake saro waɗansu, amma rubutun hannun kakanni in ya tafi babu kasuwar da ake sayen irinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare dukiyar bayinsa, amin.