Gubar Dalma: Wa Ke Auna Ruwan Rijiyoyin Anka da Bukkuyum?

A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Gubar dalma ce, wadda ke cikin dutsen zinaren da ake dakawa a turmi, ake niƙawa a tsakar gida. Yara wajen 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke da Bagega. Daga baya aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje, aka haƙa manyan ramuka a bayan gari aka binne ta. Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta, bayan dogon jiran kuɗin gwamnatin tarayya.

To, ƙasar nan tana nan inda aka binne ta, domin dalma ba ta ruɓewa, komai daɗewa. Duk damina ruwa na sauka a kan ramukan da wuraren wankin zinare, ya gangara tafkuna ko ya nutse ƙasa.

Masana daga Majalisar Ɗinkin Duniya da suka auna ruwan yankin a 2010 sun tarar da rijiyoyin da dalmarsu ta wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato maikirogiram 10 a kowace lita, wata ma ta ninka shi fiye da sau goma. Tafkuna da dama sun gurɓace ƙwarai. Burtsatse kuwa an same su lafiya, alamar gubar ba ta riga ta kai ruwan can ƙasa ba. Labari ne mai daɗi, amma awon 2010 ne, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa tafiya yake yi a hankali.

A Amurka, doka ta tilasta wa mai wurin binne shara mai guba ya haƙa rijiyoyin awo, wasu ta inda ruwan ƙasa ke shigowa, wasu ta inda yake fita, a riƙa ɗiba ana gwadawa har shekara 30 bayan rufe wurin. Mu ma a Najeriya muna da hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007, da ƙa'idojin kare ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa na 2011. Doka a takarda dai ba ta taɓa auna rijiya ba. Ga shi kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disamban 2024, don haka daka da wankin dutsen zinare za su ƙaru.

Abin da ya kamata kowa ya sani: dalma ba ta da launi, ba ta da wari ko ɗanɗano a ruwa, kuma tafasawa ba ta fitar da ita. Kada a wanke dutsen zinare kusa da rijiya. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, kada a bar guga a ƙasa. A hana yara wanka a tafkin da ake wankin zinare, kada a yi gona ko ɗibar ƙasar gini a kan ramukan nan. Mutanen Gummi, da ke maƙwabtaka da Bukkuyum, su ma maganar ta shafe su.

Hakimai da dagatai, ku nemi ma'aikatar muhalli ta jiha ta riƙa auna rijiyoyinku kowace shekara, rani da damina, a kuma karanta wa jama'a sakamakon da Hausa.