Babi na Bakwai: Zaure ko Shagon Bakin Titi?

Har yau za ka ji ana cewa wai mai hoto bai cika mai hoto ba sai ya kama shago a Gusau ya kafa allo. Wannan magana ta ishe ni. Abin da hoto ke nema haske ne, haske kuwa ba ruwansa da kuɗin haya.

A dubi Seydou Keïta na Bamako, a ƙasar Mali. A 1948 ya buɗe wurin aikinsa a tsakar gidansu, galibi da hasken rana yake ɗauka. Labulen da ya fara ratayawa bayan mutane ma mayafin gadonsa ne! Mata su ci ado su zo, samari su jingina da keke ko rediyon da ya tanada. Yau manyan gidajen baje kolin Faransa da Amurka ke nuna hotunan nan. To me zai hana saurayi a Ruwan Bore yin haka? Inuwar bakin zaure da hantsi, ko bayan la'asar, tana kwantar da haske a fuska fiye da fitilar shago mai sa goshi ƙyalli. Lokacin hunturu ma hazo kan tace rana a kyauta, sai dai a rufe kyamara saboda ƙura.

Matsalar gida sananniya ce: ba shiga. Baƙon namiji iyakarsa zaure. Amma abin da ya takura namiji shi ya buɗe wa mace kasuwa, don amarya da ƙawayenta sun fi sakewa a cikin gida, gaban 'yar'uwarsu mace.

Shago fa? Haya, janareto ko sola, haraji, mai gadi. Kowa ya san wannan lissafin. Amfaninsa na gaske hoton fasfo ne: 'yan JAMB da NECO, maniyyata, masu neman aiki, duk mutanen da ke sauri, ba za su bi lungu suna tambayar gida ba. An ga wani amfanin a Satumba 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara. Mai jiran ciniki ta WhatsApp ya zauna shiru, mai ƙofa a bakin titin Tsafe ko Bungudu kuwa ko ba waya ana iya taka ƙafa a same shi.