2.2 Yawan Jama'a da Tattalin Arzikin Unguwannin Masana'antu na Kano

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan dangantakar da ke tsakanin yawan jama'a da tattalin arziki a unguwannin masana'antu guda uku na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa. Manufa ita ce a nuna yadda masana'antu suka tara jama'a, da kuma halin da jama'ar suka shiga bayan masana'antun sun ja baya.

2.2.1 Kafuwar Unguwannin

Isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911 ita ce ta buɗe cinikin gyaɗa da fatu da ƙasashen Turai. Daga wannan ciniki ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata da Kwarori 'yan Labanan suka tara jari. Bompai, wadda ke ƙaramar hukumar Nassarawa, ita ce mafi daɗewa, domin tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka keɓe ta. Sharaɗa da Challawa kuwa sun bunƙasa ne bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967. An kasa Sharaɗa kashi uku, ita kuma Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso ta yi fice wajen jima. Haka kuma, dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni na 1972 da 1977 sun ba attajiran Kano damar sayen hannun jari a masaƙu da matatun man gyaɗa da masana'antun robobi da na alewa.

2.2.2 Yawan Jama'a

Hausawa na cewa, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, don haka za a kawo alƙaluma. Ƙidayar 1991 ta nuna jihar Kano tana da mutum miliyan 5.8, ta 2006 kuwa miliyan 9.4. A ƙidayar 2006 ɗin Nassarawa tana da mutum kusan 600,000, Kumbotso kuma kusan 300,000. Unguwanni irin su Dakata da Kawaji da Tudun Murtala sun cika ne a gefen Bompai, kamar yadda Ja'en da Panshekara suka cika a gefen Sharaɗa da Challawa. Lubeck (1986) ya nuna cewa da yawa daga cikin leburorin masana'antun Kano mutanen karkara ne, kuma akwai waɗanda almajiranci ne ya fara kawo su birni.

2.2.3 Koma Bayan Tattalin Arziki

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sai kayan gyaran injuna da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Bugu da ƙari, ƙarancin wutar lantarki ya tilasta wa kamfanoni dogaro da janareta, sannan atamfofin ƙasar Sin masu araha suka cika kasuwar Kantin Kwari. Waɗannan dalilai ne suka sa masaƙu da dama suka rufe, wasu gine-ginensu aka mayar da su rumbunan ajiye kaya.

Abin lura a nan shi ne, rufe kamfani bai mayar da ma'aikaci ƙauyensu ba, domin ya riga ya yi aure ya hayayyafa a birni. Wasu sun koma tireda da dako, wasu acaɓa, har zuwa 2013 da gwamnati ta hana ta, suka koma tuƙin a-daidaita-sahu. Ga kuma dagwalon Bompai da ke bin rafin Getsi zuwa Jakara, da na Sharaɗa da ke bin Salanta zuwa kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa.

A taƙaice ke nan, jama'a sun ci gaba da ƙaruwa, alhali aikin da ya tara su yana raguwa. A sashe na gaba za a dubi sana'o'in da suka maye gurbinsa.