Shirin Musamman: Maɓallin Hita a Tsohuwar Motar Gudu

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Yau garejin bakanike shirin namu zai leƙa, amma ba inji za mu sauke ba, ba kuma giya za mu kwance ba. Kan ɗan maɓallin nan na roba da ke jikin dashbod za mu tsaya, wanda ake murɗawa a kira iska mai ɗumi ko mai sanyi. Na san wani zai ce, a wannan zafin namu wa ya aike mu da hita? To a ɗan yi mini haƙuri, amsar na tafe.

(KIƊA KAƊAN)

Bari mu ɗauki mota guda mu yi misali da ita, Porsche 944 ta ƙasar Jamus. An ƙera ta daga 1982 zuwa 1991, akasari a masana'antar Audi da ke garin Neckarsulm, kuma an fitar da sama da guda 160,000. Injinta na gaba, giyarta na baya, domin nauyi ya rabu daidai. Motar gudu ce da masu matsakaicin hali a Turai da Amurka suka iya saye, har yau kuma tana sauya hannu a kasuwar gwanjo. Sai dai ku lissafa: auta a cikinsu ma ta haura shekara 30. Injin na nan da ƙarfinsa, an yi wa ƙarfen jikinta rufin da ke hana tsatsa, amma roba ba ta san wannan alkawari ba. Rana ta gasa ta, sanyi ya ƙandarar da ita, har ta bushe ta koma mai saurin tsagewa.

A tsakiyar 1985 kamfanin ya sauya dashbod ɗin motar, ya sa ƙaramin injin lantarki da ke tura wani siririn sandan ƙarfe, shi kuma sandan ya buɗe ko ya rufe ƙofar iska mai zafi. Abin da ke riƙe sandan nan a jikin ƙofar ɗan maƙalin roba ne da bai fi farce ba. Ranar da ya karye, sai ƙofar ta saki, zafi ya yi ta kwararowa cikin mota ko da maɓallin na kan sanyi. Masu wannan mota sun san ciwon sarai. A Jamus cikin watan Janairu abin da sauƙi, ko ba komai gilashi ba zai daskare ba. Amma ku kwatanta wannan a hanyar Sakkwato cikin watan Afrilu. Ga amsar tambayar ɗazu ke nan: maɓallin da ke kiran zafi, shi ne kuma ke korarsa. In ya lalace, ko na'urar sanyaya motar na aiki ƙalau, iskarta za ta gauraya da zafi kafin ta iso gare ka.

Daga ina zafin yake fitowa? Daga ruwan da ke sanyaya inji. Idan inji ya ɗauki zafi, ruwan nan kan kai kusan digiri 90. Akwai tiyo biyu da ke ratsa bangon da ya raba inji da mazaunin direba, su kai ruwan ga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Aikin maɓalli kawai shi ne ya ce nawa za a bari ya wuce. A wasu motocin, lantarki ne ke kai saƙon, kamar a Porsche ɗin da muka ambata. A wasu kuwa, irin Mazda MX-5 ta farko da Japan ta fitar a 1989, waya ce cikin kube, irin ta birkin keke sak, take jan ƙofar kai tsaye.

(KIƊA KAƊAN)

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Yawancin lokaci maɓallin ba shi ya fara laifi ba. A motar da ke da waya, wani abu ne a bayansa ya cije. Ko dai giris ɗin cikin kuben wayar ya bushe, ko wayar ta lanƙwashe, ko soson da ke gefen ƙofar iska ya ruɓe ya manne, ko kuma wata tsabar kuɗi ko murfin biro ya faɗa ta ramin iskar gilashi ya tokare ƙofar. Direba ya murɗa ya ji tauri, sai ya ƙara ƙarfi. Gobe ya ƙara. Wata rana sai ka ji ƙas, maɓalli na ta juyawa a banza. Wanda ya ruga ya sayo sabo ya cusa, bai yi komai ba illa ba wa sabon wa'adi.

Saboda haka kafin a fara gyara, a cire kan batir tukuna, musamman a motar da ke da jakar iskar kariya, kuma duk soket mai launin rawaya a ƙyale shi. A zare maɓallin a miƙe, kada a banƙare shi da sukudireba, don fuskar da ke kewaye da shi ma tsohuwar roba ce. Za a ga ɗan sandan da yake zaune a kai, galibi zagayayye mai gefe ɗaya a shafe. A naɗe shi da ƙyalle, a kama da filaya, a juya a hankali. In ya juya sumul, to alhamdu lillahi, ciwon a maɓallin yake. In ya yi gardama, a dakata. A sunkuya ƙarƙashin dashbod da tocila, a zare bakin wayar daga jikin ƙofar, a motsa ƙofar da yatsa. Nan take za a gane mai laifin, wayar ce ko ƙofar. Waya mai tauri ana ɗiga mata man silikon, wadda ta lanƙwashe kuwa sauyawa ake yi, don ko an miƙar da ita nan za ta sake lanƙwashewa. A guji baƙin mai da giris na inji kusa da roba, suna cin wasu nau'o'inta.

Sai mu koma kan maɓallin. A juya bayansa. Akwai ɗan bututun roba da sandan ke shiga, sau da yawa da zoben ƙarfe ko ɗan sifirin da ke matse shi. Bututun nan ne ke tsagewa a tsaye. Kuma kada zoben ya ɓata, wani lokacin yakan maƙale a jikin sandan.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne gam ɗin nan mai kamawa nan take. Ni dai ban ba da shawararsa shi kaɗai ba. Yana riƙe abin da ake ja, amma ba ya jure murɗa, ga shi yana barin farin tabo a kan baƙar roba. In kuwa ya zurara ya haɗe maɓalli da sanda, an yi gyaran gangar Auzinawa, domin ranar da za a buɗe dashbod sai an fasa. Tsagar nan ɗauri take so. A wanke wurin da sifirit, a ɗan kankare da samfefa, a matse tsagar ta haɗu, sannan a naɗe bututun da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye biyar ko shida, a murɗe bakinta. Wanda ya samu guntun bututun tagulla daidai kaurin wurin, ya fi kyau ma. A kan ɗaurin sai a shafa gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, a bar ramin sandan a buɗe. Idan ramin ya cinye har sai an cika shi, a shafa wa sandan ɗan man silikon ko a rufe shi da siririyar leda kafin a zura, don gam ya ɗauki siffarsa ba tare da ya kama shi ba. A tabbata layin da ke fuskar maɓallin na kallon inda ya dace. Sannan a ba shi kwana guda cur, ko da kwalin ya ce minti biyar.

Wani abin lura: manyan sassan roba na mota kan zo da tambarin irin robar a bayansu. In an ga ABS, gam na kama ta sosai. In an ga PP, da ƙyar gam ke zama a kanta, ɗauri ko narkarwa da ƙarfe mai zafi ne mafita.

Idan maɓallin ya ragargaje fa? A nan masu tsofaffin motocin gudu sun fi mu gata. Porsche na da sashe na musamman mai kula da kayan gyaran tsofaffin motocinsa, kuma a 2018 ya sanar da cewa ya fara buga wasu sassan da suka yi wuya da na'urar ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa. Mazda ma ta buɗe shirin sabunta MX-5 ta farko a Japan a 2017, ta dawo da ƙera wasu kayanta. Masu ƙananan na'urorin ɗab'in a gida su ma suna buga maɓallai, sai dai a tambayi irin robar. Wadda ake kira PLA tana fara laushi tun wajen digiri 60, alhali dashbod ɗin da ya wuni a rana yana wuce haka. A nemi ABS ko ASA. Mu kuma a nan, wanda zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya tafi da tsohon maɓallin a aljihu, a gwada ramin da ramin, don fuska kan yi kama amma gindi ya bambanta.

Akwai dabarar da bakanikenmu suka saba: a zare tiyo biyun nan da ke kai ruwa ga ƙaramin lagireton a haɗe su da juna, ruwan zafi ya daina shiga ciki gaba ɗaya. In ƙaramin lagireton na yoyo, ko ana tsakiyar tafiya, dabara ce mai kyau. Amma a bar ta dindindin don kawai maɓalli ya karye, wannan hasara ce. Wanda ya taɓa hawa tudun Jos da asubar hunturu, ko ruwan Agusta ya rutsa da shi gilashi ya yi hazo daga ciki, ya san iska mai ɗumi ce ke share gilashin ya ga hanya.

Wajen mayarwa, a kai maɓallin ƙarshen sanyi, a tura ƙofar ma ƙarshen sanyi, sannan a danne kuben wayar a maƙalinsa. In aka saɓa wannan, ƙofar ba za ta rufe ruf ba, zafi zai riƙa satar hanya. Tunda an riga an buɗe wurin, a duba ƙananan ƙwayayen fitilar da ke haska maɓallan da dare, a sauya wanda ya mutu. A mayar da kan batir, a tada mota, a jira inji ya ɗauki zafi, a murɗa daga wannan ƙarshe zuwa wancan da yatsu biyu kawai. In sai an sa na uku, a sake sunkuyawa ƙarƙashin dashbod.

(KIƊA YA TASO A HANKALI)

Masu sauraro, lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba, a huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)